Lissafin da Na Yi wa Baba

Klaten, watan Shawwal

Zuwa ga yayana Darmaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Yaya Ningrum da yara. Yaya aikin gonar kwakwar manja, yaya zafin tsibirin Kalimantan? Mu nan lafiya lau. Inna ta ce ka daina yabon tempen can, wainar wakensu ba za ta kama ƙafar tata ba.

Ka ce hoton Sallah ya tayar maka da hankali, wai Baba ya rame, in kai shi asibiti. Kwantar da hankalinka, Yaya. Ramar nan abin murna ce, kuma ina da hujja.

A zangon nan nake koya wa 'yan ajina lissafin da ake auna jikin babban mutum da shi. Ba wuya: ka ɗauki nauyinsa a kilo, ka raba da tsayinsa a mita, abin da ka samu ka sake rabawa da tsayin. In amsar ta faɗa tsakanin sha takwas da rabi da ashirin da biyar, nauyinsa daidai. In ta haura, ƙiba ta soma. Yaran sun ji daɗinsa, har na sa kowa ya je ya auna manyan gidansu. Ni ma na aro sikelin makaranta na ɗaure a bayan babur.

Ka san Baba. Sai da ya ce, "Ni buhun shinkafa ne, Malama?" kafin ya hau. Bara kilo saba'in yake, lissafinsa ashirin da bakwai. Yanzu hamsin da takwas, lissafin bai cika ashirin da uku ba. Na tafa masa kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya. Shi ya ce albarkar azumin Litinin da Alhamis ce. Inna ta tsuke fuska, wai maƙwabta za su ce ta manta girki, ta tashi ta haɗa masa shayinsa yadda ya saba, mai zafi, mai kauri, sukari har ya kwanta a gindin kofi.

Kukansa ɗaya, ba ya jin tafin ƙafarsa sosai, kamar ya taka auduga. Don haka ya shiga sahun dattawan unguwa masu takawa ba takalmi a kan kwalta in rana ta ɗaga, don zafin ya motsa jini. Na ƙarfafa masa gwiwa, ai motsa jiki ne.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Wuryani


Klaten, watan Zulhajji

Yaya Darmaji,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, yara sun ci naman layya. Daga barandar asibiti nake rubuta maka, ka yi haƙuri da rubutun.

An kwantar da Baba. Inna ce ta fara ganin jini a kan dardumarsa. Da muka ɗaga ƙafar hagu, kwalta ta ƙona masa ƙasan babban yatsa, bororon ya fashe tun tuni, shi kuwa bai ji komai ba. Ya ce mu bar shi, wai ƙafar manomi ba ta san likita ba. Inna ta yi ta ɗaura masa ganye, ni ina wanke wa in na taso makaranta. Sai da wurin ya yi baƙi ya soma wari na samo mota.

Ciwon sukari ne, Yaya, kuma ya daɗe. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tambaya kawai ta yi: da ya soma ramewa, ya rage cin abinci ne? Azumin nan tun muna yara yake yinsa, bai taɓa rage masa tumbi ba. Shinkafarsa na nan yadda take, har ƙari yake nema. Butar ruwan shan da ke ɗakinsa kullum a bushe muke iske ta da safe. Duk a gabana aka yi.

Ta ce lissafina bai yi kuskure ba, sai dai ƙiyasi ne. Yana faɗin nauyi bisa tsayi, ba ya faɗin inda kitsen ya taru, ba ya kuma tambayar dalilin da ya sa nauyin ke sauka. Ta ce mu mutanen nan sukari kan kama mu tun lissafin bai yi nisa ba, musamman mai siraran hannuwa da tumbi irin Baba. Ciwon ne ke cin namansa, ni kuma ina tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na san wannan, na karanta a jami'a. Amma na ga lamba ta yi kyau, sai na daina kallon mutumin.

Kai daga can, da hoto ɗaya, ka ce a kai shi. Ni da ke zuba masa abinci na hana.

Ana ba shi magani ta jijiya. In ruɓar ta tsaya, yatsa za su cire. In ta hau, sai ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bai san na biyun ba tukuna. Tambayar da yake ta yi ita ce wa zai buɗe wa gonarsa ruwa. Ka taya mu addu'a.

Ƙanwarka,
Wuryani


Klaten, watan Muharram

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Ningrum, Allah ya saka mata da addu'o'inta. Na ga amsarka. Ka ce ƙaddara ce, kada in ɗora wa kaina. Na gode, amma ka bar ni in ɗauka na ɗan lokaci, hakan ya fi mini sauƙi.

Ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Babban yatsa da na kusa da shi suka tafi. Mun dawo gida, yana dogara sanda zuwa bakin ƙofa, dattawan kwalta na zuwa gaishe shi. Na roƙe su ɗaya bayan ɗaya su je a duba jininsu. Biyu sun yarda. Sauran sun ce Malama ta tashi daga sikeli ta koma allura.

Inna ce abin tausayi. Ranar farko da ta kai masa shayi ba sukari, ya kurɓa ya ce, "Sumirah, me na yi miki?" Ta koma madafa tana share ido da bakin zane. Shekara arba'in ke nan, da shayin nan take nuna masa ƙauna.

Na koma ajina na sake darasin daga farko. Lissafin na nan, ban soke shi ba. Na dai ce kowa ya koma wurin wanda ya auna, ya tambaye shi yadda yake ji a jikinsa, in kuma nauyinsa na sauka ba dalili, kada a tafa masa.

Jiya na zo mayar da sikelin makaranta, Baba ya hango ni. Ya ce, "Kawo in hau, Malama. Na rage yatsu biyu, yanzu ai sai ki ba ni ɗari bisa ɗari." Ya yi dariya har da tari. Na durƙusa kamar ina gyara masa bandeji don kada ya ga fuskata, sai na ji hannunsa a kaina.

In za ka zo, kada ka kawo alawar kwakwar da ka saba. Ka samo masa takalmi rufaffe mai laushi, lamba arba'in. Na hagun zai yi masa yawa a gaba, ba komai, zan cusa auduga.

Ƙanwarka mai kewarka,
Wuryani