Kan Sarkin da Na Hana a Raba

Unguwar Alabar, Litinin, 1 ga Disamba, 1969

Ɗanjuma ya tafi. Motar Legas ta tashi bayan la'asar, da shi a ciki, keken ɗinkinsa a ɗaure a sama. A Zango aka haife mu duka, amma dokar korar baƙi ta bi asalin mahaifinsa, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne.

Da safe muka raba littafin kan sarkin da muke tarawa tun muna makaranta. Komai ya rabu lafiya sai tagwayen nan na zamanin da ake kiran ƙasar nan Gwalkwas, biyu a manne, waɗanda wani mutumin gidan tarihi na Ankara, babban birninmu, ya ce mu kai musu su sa a gilashi.

Ɗanjuma ya kama zai yaga. "Ɗaya naka, ɗaya nawa, Akawu."

Na riƙe hannunsa. Na ce ba a raba tagwaye, darajarsu a haɗe take. Har bayanin haƙoran gefen kan sarkin na tsaya ina yi masa, ga matarsa a tsakar gida tana kuka tana ɗaure tukwane.

Ya yi dariya. "Kai dai ba ka canzawa. To, riƙe su. Su ai suna da izinin zama."

Ni kaɗai na yi buɗa-baki. Ban san ko gaskiya ce da ni ba. Wataƙila abin tunawa kawai yake so, ni kuwa na karanta masa ƙa'ida.

Na fasa kai su Ankara. Na sa su a ambulan, duka biyun, na rubuta sunansa. Ƙasan sunan babu komai, don shi ma bai san inda zai sauka ba.