Wasan Mota a Gonar Kawu Sodangi

Sabon Birni,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Ruƙayyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da baƙuwarmu, da su Baba da Inna da dukan mutanen garin Isa. Yaya wanka, yaya jego? Allah Ya raya mana. Tun da aka ɗauke sabis na koma ɗan makaranta, sai biro da takarda. Bawa direba zai kawo miki wannan.

Albishirinki, motar ta tashi! Mai ƙofa biyun nan da kike kira gawa. Na cire kujerun baya don nauyi ya ragu, na yanke sifirin ta kwanta ƙasa, na yi wa aksul ɗin baya walda don tayoyin su riƙa juyawa tare, na ƙara wa birkin hannu tsawo da bututun famfo. Salansa mai rage ƙara kuwa na fidda ta gaba ɗaya. Da na tada ta a gareji akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, sai a kasuwa aka kamo ta.

Na san za ki ce meye amfanin. Kowane direba tsoronsa kar mota ta zame masa, mu kuwa zamiyar muke nema. Mutum ya taho da gudu, ya karya sitiyari, ya fizgi birkin hannu, gindin mota ya ƙwace ya yi gefe, shi kuma ya riƙe ta da totur kaɗai tana zagayawa a karkace, yana kallon gabansa ta tagar gefe. Wallahi a wannan lokacin nakan manta da fari, in manta da labarin ɓarayin daji, in manta ko na karya kumallo.

Fili ne matsalar, don hedimasta ya kore mu daga na makaranta. Amma abokina Yari ya tuna mini da gonar Kawu Sodangi ta bayan gari, wadda fari ya mai da fako, shekara biyu ko kara babu. Jibi za mu je.

Ki gaida su Baba. Ina kewarki ƙwarai.

Naki,
Amiru.

Sabon Birni,
Ranar Lahadi.

Ruƙayyatu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da yarinya kuna cikin ƙoshin lafiya, haka su Baba da Inna. Ni dai jikina lafiya lau, saura kuma ki ji.

Da hantsi muka shiga gonar, rabin samarin gari na biye da mu. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Zagaye goma sha ɗaya na yi ba ta miƙe ba, tayoyin baya na haƙa ƙasa suna watsawa, ana ihu ana kiran sunana. Ina cikin na sha biyu na hango wani tsoho ya keto ƙura a guje, hula a hannu, yana ɗaga sanda sama. Na ɗauka murna ce. Har na ɗaga masa hannu, na ƙara masa zagaye biyu.

Kawu ne. Ashe kwana biyar ke nan da ya yi bizne a gonar, ya shuka gero a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Irin kuwa shi ne na ƙarshe, wanda ya ɓoye a tulu shekara biyu, gida na kwana da tafasa da ƙuli bai bari an taɓa shi ba. A ɓoye ya shuka don kar a roƙe shi, iska kuma ta shafe sawun sungumi. Shekarun da na yi a Sakkwato ina koyon kanikanci sun sa idona ya daina gane gonar da aka shuka.

Samari suka watse, Yari a gaba. Kawu bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini. Durƙusawa ya yi yana tona ramin taya da yatsa, yana neman ƙwayar gero. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina ke nan. Ban san inda za ni sa kaina ba.

Ya karɓi makulli ya rataya a wuya, ya yanke hukunci: in geron bai fito ba, za a kwance tayoyin motar a mai da ita akurkin zabbi, tunda na riga na taimaka masa na cire kujeru. Bai yarda a tada ta ba. Shanun noma suka ja ta har ƙofar gidansa, ni ina ciki riƙe da sitiyari, gari na kallo.

Don Allah kar Baba ya ji. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Amiru.

Sabon Birni,
Ranar Asabar.

Ruƙayyatu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yarinya da mutanen gida. Na ga takardarki. Ba sai kin cika layi uku da dariya ba, kuma na gode da kika ce Baba kaɗai kika gaya wa, shi kuma ya gaya wa majalisarsu kaɗai.

An fita roƙon ruwa sau biyu, duka ina sahun farko. Liman ya yaba da yadda na shiryu. Bai san rabin addu'ata gero ne, rabi mota ba. Zabbin Kawu kuwa ba su jira hukunci ba, tuni ɗaya ta yi ƙwai a gindin kuloci, in na matso sai ta hura mini wuya.

Ranar Alhamis an yi ruwa kaɗan, sannan ya ɗauke. Tsofaffi sun ce irinsa ne ke kashe bizne, ya tada iri ya bar shi da rana. Kawu ya daina cin abinci sosai. Gaskiya yanzu ko motar ta tafi, ni dai in ga geron nan.

A gaida kowa.

Naki,
Amiru.

Sabon Birni,
Ranar Talata.

Ruƙayyatu tawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya ke da yarinya da su Baba. Ki zauna kafin ki karanta.

Biznen maƙwabta duk ya ƙone, don ruwa ba ya tsayawa a fako, gangarewa yake. A gonar Kawu kuwa ya kwanta cikin ramukan da tayoyina suka haƙa. Geron ya fito zobe-zobe, kore shar, ko'ina na bi. Daga Kurawa da Gatawa mutane ke zuwa kan babur su gani. Kawu ya daɗe tsaye yana kallo, ya share ido da hula ya ce ƙasa ce ta faɗa masa. Ni ban nemi hujja ba, kuka na yi sosai. In Allah Ya ƙaro ruwa, bana za a ci tuwo a gidan nan.

Da na ga fuskarsa ta saki sai na nemi makullina. Ya tara gida ya ce an fasa akurki, amma duk abin da ya yi aiki a gandu ya zama na gandu, kamar garma da shanu, makulli kuma wurin mai gandu yake zama. Na ce ai motata ce. Ya ce shi ma gonarsa ce ranar da na shige ta.

Yanzu kullum da safe ni ke zagaye a gonakin waɗanda suka samo iri daga Nijar za su sake shuka. Kawu na zaune gefena, hannu ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya da sanda, in zobe ya yi faɗi ya buga mini a gwiwa ya ce ina ɓarnar ƙasa. Jiya na ji shi yana kabbara daidai lokacin da gindin ya ƙwace, kuma ba ta tsoro ba ce.

Juma'a kaɗai motar take tawa, kamar gayauna. Wannan Juma'ar, in hanya ta yi kyau, za ni zo Isa in gan ku. Sai dai Kawu ya ce zai biyo ni ya ga jikarsa, kuma a ƙofar gidanku yake so in yi zagaye ɗaya, shi a ciki, don majalisar Baba ta ga noman zamani. Ki ce a ɗaure awaki da igiya biyu.

Sai na zo. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki, direban gandu,
Amiru.