Doguwar Sujjadar Liman

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jaririn. Ki shafa mini kansa.

Kin tambayi gwiwa. Tana nan yadda kika bar ta, har da ƙari. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaba shi. Wai in koma salla a kujera. Na ce masa ni ke jan salla a masallacin layinmu, ranar da na hau kujera limanci ya ƙare.

Ga abin da ya hana ni sukuni. In na yi sujjada, tashi ke gagara ta. Sai in dafa ƙasa, in jira zafin ya lafa, sannan in yi kabbara. To, jama'a sun ɗauka tsoron Allah ne. Jiya tela ya riƙe hannuna, wai doguwar sujjadata har hawaye take sa shi. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ji na ce Allah ya karɓa mana.

Ina kika ajiye man zafin nan? Na birkice ɗakin duka ban gan shi ba.

Naki,
Malam

Uwar 'ya'yana,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin mai jego? Saƙonki ya iso, da faɗan da ke cikinsa.

Kin ce abin da nake kira haƙuri taurin kai ne. Na ji haushi, don tun da ciwon nan ya kama ni ban taɓa kai ƙarar Ubangijina wurin kowa ba. Amma maganarki ta ƙi barina. In na zauna gwiwa ta sage, in na tashi ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure, haka nake yini tsakanin gado da bakin ƙofa ina jayayya da ke, ba kya nan.

Abin kuma sai gaba yake. Yanzu har daga wasu layuka ake zuwa bin sallata. Mahaifin ladan, da bayansa ya fi gwiwata lalacewa, yana bayana yana nishi, yana jiran in ɗago. Wallahi kunya nake ji. Ina tsoron in je gaban Allah da yabon da ba nawa ba. Ina kuma tsoron ranar da za a tada iƙama wani ya wuce gaba.

Ki sa ni a addu'a.

Malam

Uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya.

An gama. Shekaranjiya a raka'ar ƙarshe ta la'asar na yi sujjada, na nemi tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Sahu ya yi tsit, sai tarin mahaifin ladan. Daga nan ƙasa na ce wa ladan ya ƙarasa da mutane. Da aka sallame, shi da tela suka ɗaga ni, na faɗa musu komai. Tela ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya je shagonsa ya ɗauko mini kujera.

Yanzu a ƙarshen sahu nake, jikin taga. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Ashe ba limancin na fi kewa ba, goshina a ƙasa nake kewa.

Ɗazu da hantsi na rufe ɗaki, na lallaba na sauka kan darduma, na yi nafila. Na daɗe a sujjada, ba mai jira, ba mai yabo, kuma wannan karon ba gwiwa ce ta riƙe ni ba. Sai dai da ƙyar na ja jiki na kama ƙafar gado.

In mai jego ta yi ƙarfi, ki dawo. Ina so in ƙara yin sujjadar, kuma babu mai tada ni.

Mijinki,
Malam