Wasiƙa ga Tchima kan dogayen kujerun da suka tashe ni daga kwano

Greensboro, 5 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Tchima,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi sallah lafiya, Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, in dai cin abinci da barci ne lafiya. Kin san tun da ɗana Abdoul-Aziz ya ɗauko ni daga Damagaram ba a taɓa neman shawarata kan komai ba a gidan nan. Ni da na koyar da tarihi a makarantar sakandare ta lise har furfura ta fito mini, yanzu sai in ga abu ya riga ya faru.

Akwai wani ɗan lungu a bakin kicin, jikin taga. Nan nake shimfiɗa tabarmar da kika ba ni, mu ci tuwo a kwano ɗaya. Jikata Yasmina takan riƙe bakin kwanon da hannun hagu yadda na koya mata, ni kuma in raba nama. Wannan kaɗai ne aikin da ya rage mini a ƙasar nan.

Kafin azumi sai Houda, matar Abdoul-Aziz, ta sa aka kawo wani tebur mai tsayi har ƙirjina, da dogayen kujeru marasa majingina, irin na mashaya. Wai haka ake yi a nan, kowa da farantinsa. Na gwada hawa, gwiwata ta ƙi. Sai na shimfiɗa tabarmata a gefen teburin, na zauna. Tchima, ƙafafun ɗana da na jikata suna lilo a saman kaina, ina cin abinci! Na yi wa Abdoul-Aziz magana, ya ce in yi haƙuri, zai sayo mini gajeruwar kujera mai laushi. Yana tsammanin wurin zama nake nema.

Ranar sallah Yasmina ta leƙo ni daga sama, ta tambayi uwarta da Turanci, me ya sa Kaka yake ci a ƙasa kamar kyanwar maƙwabta. Ta manta ina jin Turanci. Ba laifinta ba ne, abin da ta gani ta faɗa. Na ɗauki farantina na shige ɗaki.

Ki gaida Ousseina da yaranta, da Malam Amadou in har yana gane mutane. Kada ki aiko da wata tabarmar. Tun daga ranar ban sake cin abinci da kowa ba.

Yayanki,
Sanda