Ranar da Auta Ya Fi Kowa Fara'a

Ni mahaifinku, mai shagon takalma, na rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafuna ne kawai suka kumbura. Da farko ina jinjina muku, Allah ya ba ni 'ya'ya masu basira. Sau biyu kuna warkar da ƙaninku Auta ba ku taka asibiti ba. Kun ga yana dariya, yana janyo masu saye daga ƙofar maƙwabta, kuka ce ai ya warke, a daina ɗura masa ƙwayoyi. Sannunku, likitoci.

1. Gida da shago a raba yadda ya dace, ba na jin ku a nan. Auta ne ba ya rabuwa.

2. Ciwonsa hawa da sauka ne, haka likita ya ce. Ku saukar kuke tsoro, ranar da ya juya wa bango fuska ya ƙi abinci. Ni hawan nake tsoro. Shekara arba'in a kasuwa, ban taɓa yarda da takalmin da ya cika sheƙi ba sai na juya ƙasansa.

3. Idan ya sauke takalman da ke kan kantar shago kaf yana goge su, yana zuba magana ba numfashi, bai yi barci ba kuma bai gaji ba, a ranar za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Bara na yi jinkirin kwana biyu, na same shi kan rufin shago da guduma, wai zai ɗora bene. Da ya sauko, bayan wata guda na tsinci igiya ƙarƙashin katifarsa. Na ɓoye muku. Yanzu kun sani.

4. Malama, ke ce yayarsa mace, magani yana hannunki. Ki tsaya har ya haɗiye, sannan ki ja shi da hira. Ya iya ɓoyewa a kumatu, ɗan kasuwa ne ya haife shi. Kada ki miƙa masa kamar hukunci. Ni tare nake shan nawa na hawan jini, muna tsokanar juna wa ya fi wani lalacewa.

5. Babban yaya, zagin da ya yi maka gaban matarka, ciwo ne ya yi magana. Ka bar cewa iskanci ne, ka koma amsa gaisuwarsa. Wanda yake gaba da shi ba ya ganin alamar tashin ciwon.

6. Ranar da za a kai ni makwancina, shi zai fi kowa ƙarfin hali. Shi zai jera kujeru, ya tari baƙi, ya rarrashe ku. Mutane za su ce ashe ya yi hankali, ku kuma ku ji daɗi. Kada ku ji.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya sa ku riƙe shi ba da gajiya ba. Ni inda kuka ajiye ni nan za ku same ni, ba na zuwa ko'ina. A ranar, wa zai bar kuka a cikinku ya je ya duba ko Auta ya sha maganinsa?