Gyaran da Aka Bar wa Baƙo

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da ba ya barin ka ka kira mutane. Kada rubutun ya ba ka mamaki. Ni ke faɗa, mijina ke rubutawa, shi ya sa ka ga haruffa sun kwanta kamar an hankaɗa su. An yi aikin hannun, likita ya ce an dace, amma an naɗe min shi tun daga yatsu har gwiwar hannu, an ce ko maɓalli ɗaya kada in danna sai sun gani. Kwamfutata tana cikin kabad ƙarƙashin zannuwan gado, makullin yana aljihun wannan bawan Allah, waya kuwa sai dai in amsa kira. Na koma kallon labule.

Ka san abin da ya hana ni sukuni. Manhajar nan ce ta tsara jadawalin darussa, wadda kake tsokana ta kana cewa ita ce 'yar farina. Makarantu da yawa yanzu da ita suke raba lokaci, don kada a wayi gari an sa malami ɗaya aji biyu a lokaci guda. Kyauta ce, cikinta a buɗe yake, duk wanda ya iya zai leƙa ya kawo gyara. Amma makullin shigar da gyaran ni kaɗai ke riƙe da shi. Ina kwance a nan na gane cewa in hannun nan ya ƙi, ita ma ta tsaya ke nan. Tsoro ya kama ni, Auta, ba zan ɓoye maka ba.

Don haka na ba ka makulli. Kira ni in faɗa maka kalmar sirrin da baki. Ka riƙa leƙa zauren da muke tattaunawa, ka gaishe da duk sabon da ya shigo, ka amsa tambaya ko da ta ba ka dariya. Kuma don Allah ka ajiye gajeriyar amsar nan taka ta "ba haka ake yi ba". Mutanena malaman makaranta ne da akawuna, ba irin abokan aikinka masu busasshiyar fuska ba.

Ka gaishe da Inna in ka je, ka ce mata ina cin abinci.

Yayarka.

Ƙari daga mai rubutu: Ta fara wani dogon zance kan koren tambari, na ga tana yatsina fuska don ciwo, na rufe biro. In da muhimmanci ka ji a gaba. Kuma sharri take min, rubutuna ya fi nata.

*

Yaya,

Na gaishe ki, na gaishe da Sakatarenki mai rubutun kwance. Allah ya ƙara sauƙi. Inna ta ce ba ta yarda kina cin abinci ba sai ta gani da idonta.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar farinki tana hannun ƙwararru. Amma Yaya, ashe haka kika bar gida? Na shiga na tarar da ƙananan matsaloli jibge, kowace da koren tambari a goshi, wasu sun kusa shekara. Kalma an rubuta ba daidai ba, launi ya yi duhu, saƙon gargaɗi ya fito rabi. Abubuwan da ko shayi ba zai huce ba an gama su! Na ce lallai ciwon hannun nan ya daɗe yana cin ki kina shiru, har tausayi ya kama ni.

To, albishirinki. Ranar hutu na ja kujera, na kashe waya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira ni cin abinci na share su tas. Yanzu in kin buɗe babu koren abu ko ɗaya, wuri fes kamar an yi wa ɗaki fenti.

Har da wata matsala ta buga jadawali a takarda, inda darasin ƙarshe ke yankewa a gefe. Na ga wata mai kiran kanta Malamar Lissafi ta rubuta a ƙasa, "Ni zan ɗauka, in an yarda," tun kafin a kwantar da ke, amma shiru. Na ce bari in sauke wa baiwar Allah nauyi, layi uku ne kacal. Ta rubuto, "Allah ya saka da alheri, na ga an gama." Kin ga har godiya na samu.

Ina jiran tukuicina. Ki huta sosai.

Ƙaninki, gwanin gwanaye.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Sakatare ya karanta min wasiƙarka yana murmushi, ya ɗago ya ga fuskata, murmushin ya koma inda ya fito.

Kai, Auta! Ka yi aika-aika da zuciya ɗaya. Ban san ko in rungume ka ko in ja kunnenka ba, ga shi hannun da zan yi ko wanne da shi yana naɗe.

Waɗannan masu koren tambarin da gangan na bar su. Babbar matsala, wadda za ta ɓata wa makaranta aiki, a ranar nake gyara ta. Ƙananan kuwa ajiye su nake wa baƙo. Mutum ya daɗe yana leƙen zaure yana jin kunya, yana ganin kowa ya fi shi. In ya ga ɗan abin da zai iya, sai ya ce shi zai ɗauka. Ya yi fama, ya yi kuskure, a nuna masa, ya sake, ranar da gyaransa ya shiga sai ka ga ya fara cewa "manhajarmu". Ta nan kowa ke shigowa. Kai kuma ka zo da gudunka ka toshe ƙofar ka shafe ta da fenti.

Malamar nan ta fi wata shida tana karanta abin da ake rubutawa a zaure ba ta ce uffan ba. Tambayarta ta farko da ban haƙuri ta fara, da ban haƙuri ta ƙare. Ba ta da kwamfuta a gida. Ta ɗakin malamai take amfani da ita lokacin tara, hutun nan na safe, in wani bai riga ta zama ba, tana koyon abin nan ita kaɗai tsakanin darasi da darasi. Ranar da ta ce za ta ɗauka, tashi na yi na zagaya falo don murna, tambayi Sakatare. A raina na ce ga wadda wata rana za ta riƙe makulli.

Godiyar da ta yi maka, ba godiya ba ce. Takalminta ta ɗauka za ta fita.

Ban yi fushi ba, na san don ni ka yi. Tun kana ƙarami haka kake, in an ce ka taya ni wanke kwano sai ka wanke har da wanda ake ci a ciki. Amma ni ba gyara nake nema ba, Auta, gyara ko kai kaɗai ka ishe ni. Mutane nake nema, waɗanda za su zauna in ni da kai mun tashi. Ka nemo min ita.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haka.

Ƙari daga Sakatare: Ni na rufe biro a kan zancen tambarin, na sani. An hana ni shan shayi a falo. Ka gyara abin nan mu huta.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Na jinkirta amsa ne don ba ni da bakin magana.

Zaure ya yi tsit. Masu kawo ƙorafi suna nan, amma masu cewa "bari in gwada" ko tari babu. Da farko dabara ta zo min in mayar da matsalolin yadda suke, in sake manna musu tambari. Har na fara, sai na tuna a wurin nan komai a buɗe yake, kowa zai ga ni na ɓata da hannuna. Wa zai so a zubar da ruwa a ƙasa don a ba shi tsumma? Na fasa.

Sai na rubuta a zaure, a gaban kowa, cewa na shiga aikin da wata ta riga ta ɗauka ban tambaye ta ba, kuma ban kyauta ba. Shiru. Na bi ta da saƙo ita kaɗai, na ce ina roƙon ta nuna min inda ta kai. Nan ma shiru, har na fara tsara yadda zan faɗa miki. Ina ofis, ina tsakiyar taro, sai ga amsa: "Ranka ya daɗe, nawa shirme ne, naka ya fi." Na ce ni dai shirmen nake son gani.

Yaya, ta turo. Abin da na yi a layi uku ta yi shi a kusan arba'in, ta bi ta doguwar hanya ta zagayo. A gefe tana rubuta wa kanta bayani. Wani wuri ta sa, "A nan nake jin tsoro." Wani wuri, "Na gwada da firintar ofishin shugaba, ya kama ni, na ce aikin makaranta ne." Na yi dariya ni kaɗai, sannan na gane abin da na yi. Saura kaɗan ta gama na fizge.

Na cire nawa. Yanzu nata muke bi. Akwai kuskure biyu a ciki da nake gani ƙuru-ƙuru, amma ba na faɗa, tambaya nake yi: in takardar a kwance take fa, me zai faru? Sai ta ɓace, sai lokacin tara na gobe ta dawo da amsa. Wallahi ban taɓa aikin da ya wahalar da ni kamar wannan ba. Abokin teburina ya ga na zauna a kan tafukana, ya tambaya ko sanyi nake ji.

Ga zango ya kusa ƙarewa, ana shirin buga jadawalin sabo, kuma tunda na cire nawa darasin ƙarshe ya koma yankewa. Wani shugaban makaranta ya shigo da faɗa, wai jiya lafiya yau ba lafiya. Na ba shi haƙuri, na nuna masa yadda zai rage girman rubutu kafin nan, na ce mai aikin ta kusa. Ban sani ba ko za ta kai. Ki sa mu a addu'a.

A ba Sakatare shayinsa, laifin nawa ne.

Auta, ba gwani ba.

*

Auta,

Sallama. Wannan rubutun da ya fi na Sakatare muni nawa ne, da hagu.

An kwance hannu. Yatsu biyu ba sa jin magana. Likita ya ce wataƙila su dawo a hankali, wataƙila a haka za mu zauna, amma dogon aiki a kwamfuta in cire rai. Na yi kuka a mota, Sakatare ya faka a gefen titi ya bar ni na yi mai isata. Kada ka faɗa wa Inna tukuna.

Da muka dawo ya ɗaga zannuwa ya miƙo min kwamfutar da kansa. Na shiga zaure. Na ga gyaran Malama ya shiga kafin a shiga sabon zango, na ga ta rubuta, "Yau na buga jadawalinmu da manhajarmu, ba abin da ya yanke." Na ga abin da ka amsa mata. Ashe ka iya magana mai daɗi, mu ne ba ka yi wa.

Amma Auta, mutum ɗaya ce. Kai aro na yi ka, na san aikinka na jiran ka. Ka faɗa min gaskiya, ba irin ta majinyaci ba: abin nan zai rayu in babu ni?

Na ma samo matsala. Maɓallin ajiye aiki ya yi ƙanƙanta, mai hannun hagu irina sai ya kuskure shi sau uku kafin ya dace. Shekara da shekaru ban lura ba. Na rubuta a zaure kamar kowane baƙo.

Yayarka.

*

Yaya,

Na gaishe ki da hannun, dama da hagu. Na karanta. Sannu, Yaya. Ina nan tafe ƙarshen mako.

Na ga matsalar maɓallin. Layi ɗaya ne.

Ban nemi izininki ba, na ba Malama makulli. Ita ta manna wa matsalarki koren tambari. Kafin a tashi aiki wani akawun makaranta da bai taɓa magana ba ya rubuta, "Ban taɓa yi ba, amma zan gwada in an yarda." Ta amsa masa, "Sannu da zuwa. Ba sauri, muna nan."

Mutumin a hankali yake sosai, jiya ya tambayi inda ake samun fayil ɗin. Za ki daɗe kina kuskuren maɓallin nan, Yaya, ki yi haƙuri.

Ni dai ban taɓa shi ba.

Autanki.