Mayafin Karammiski a Kan Kwamfuta

Kumasi, Alhamis

Yaya Fataw,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Humu da yara, da aikin tashar jirgin ruwa. Mu nan lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san aikin digirina. Cikin injin jirgin sama akwai fukafukan ƙarfe da ke juyawa cikin zafin da zai iya narkar da su, don haka ake yi musu wani siririn shafe mai kama da tangaran. Ni kuma ina sa kwamfuta ta lissafa zafi da sanyi nawa shafen zai sha kafin ya tsage. Lissafin kwana huɗu yake ci ba tsayawa, kuma malamina ya ce in sakamakon bai iso Litinin da azahar ba, sai baɗi. Mma dai ta gama gaya wa unguwa cewa fentin jirgi nake koya, har Baba Sumana mai shayi ya roƙi in fente masa kiyos, 'yar rumfar shayinsa.

Yau aka yi sunan ɗan ƙanwarmu Samiratu a gidanmu. Kwamfutar ta ci kwana uku tana aiki. Na tafi kasuwar Adum sayo kaya, Mma ta shiga gyara ɗakina saboda baƙi. Ta ɗauko mayafin karammiskin da take rufe kwanoninta, ta lulluɓe kwamfutar ruf, wai kada bakin mata ya kama min karatu. Na dawo na tarar ta yi zafi kamar dutsen guga, ta mutu. Yaya, kwana uku! Na yi faɗan da ban taɓa yi wa Mma ba, a gaban mutane. Na sake kunna lissafin daga farko, amma da kyar ne ya ƙare a kan lokaci.

Ƙanwarka,
Mubina

Kumasi, Talata

Yaya Fataw,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka ƙare.

Tun Juma'a Mma ta jawo kujera 'yar tsuguno gaban kwamfutar, tana yi mata fifita da mafici. Na ce ba ya ƙara sauri, ta yi kunnen ƙashi. Da aka ɗauke wuta ranar Asabar, ita ta je ta aro janareton Baba Sumana. Ko kasuwa ba ta fita ba. Haushi kamar in yi kuka, ga tausayi.

Lissafin ya ƙare jiya da la'asar. Sakamakon ya yi kyau, amma malam ya ce an rufe. Sai baɗi.

Na shiga tsakar gida da niyyar faɗa mata, na tarar tana shafa man zafi a kafaɗa, tana gaya wa Samiratu cewa da hannunta ta ceto min digiri. Sai na ce mata an karɓa.

In ka kira ta, don Allah ka yi mata barka.

Taka,
Mubina